Fuskar Mai Lema

Huy, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Malam Odilon Wautelet,

"A littafi na arba'in Jo Rasquin zai dafa kafaɗar Mai Lema, lemar ta sauka, kowa ya ga fuskarsa. In na saɓa, ku rataye ni da igiyar takalmina." Maganarka ce, tana nan a bangon littafi na talatin, da sa hannunka a ƙasa. Na sa ta gaba don kada ka ce ba ka san abin da ya kawo ni ba. Yanzu ga gaisuwa: ina fatan kana lafiya, kai da takalmanka.

Sunana Ghislaine Dethier, ina koyar da Latin a nan Huy. Da littattafan zanenka na koyi karatu, a kan cinyar mahaifina Félicien. Kowace shekara, ranar Waliyyi Nikola da ake yi wa yara kyauta, sabon littafin Rasquin yana kwance kusa da takalmina, wai nawa ne, amma sai Baba ya gama nake taɓa shi.

Ka san abin da ake faɗa a kanka? A kantin littattafan unguwarmu akwai mu takwas da ke taruwa a kan kowane sabon littafi. Rabinmu sun ce ka tsufa tun na ashirin. Wai kullum abu ɗaya ne: an sa lada a kan wani da ya tsere wa kotu, Rasquin ya bi shi, ya kama wanda bai ji ba bai gani ba, ya sa masa ankwa, ya ɓatar da mabuɗi, su ƙare labarin ɗaure da juna. Wai birnin Amurkan da kake zanawa har gidan soyayyen dankali irin namu gare shi, don ba ka taɓa tsallaka teku ba. Ni ce ke tare maka faɗa. Nakan ce ai Girkawan dā ma labari ɗaya suka yi ta juyawa, ba wanda ya ce sun tsufa.

Sai ga na arba'in. Rasquin bai dafa kafaɗar kowa ba. Wannan mutum da ke ɓoye a wani lungu na kowane littafi tun daga na biyu, lema ta rufe masa fuska, wanda duk ƙasar nan ke farauta da yatsa shafi bayan shafi, ko inuwarsa ban gani ba.

Ni dai ba komai. Amma Baba yana gidan tsofaffi, zuciyarsa ta gaji, likita ya daina yi mana maganar bazara. Tun da littafin ya fito yake duƙe a kansa da gilashin ƙara girma. Jiya ya ce mini: "Yana ciki, uwata, Wautelet ba ya ƙarya. Idona ne ya mutu kafin ni."

Ka faɗa mini shafin. In kuwa babu shafin, ka faɗa mini haka, in san da wace igiya zan zo.

Ka huta lafiya,
Ghislaine Dethier


Dinant, 21 ga Oktoba

Malama Dethier,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ɗalibanki suna tsira da rayukansu. Wasiƙu sun zo mini cike da kwando a kan wannan littafi. Wani ya aiko mini da igiyar takalmi a ambulan. Taki ce kaɗai ta sa shayina ya huce a gabana.

Game da takalma, na koma sa silifa, saboda haka dole a ɗage ratayar.

Ki gaya wa mahaifinki idonsa lafiya lau. Mai Lema ba ya cikin na arba'in. Abin da ya wuce wannan, 'yata, ki bar wa tsoho abinsa. Alkawarin mai zane kamar hasashen ruwan sama ne, ba a kai shi kotu.

Ki gaishe mini da shi da kyau.
O. Wautelet


Huy, 2 ga Nuwamba

Malam Wautelet,

Ina gaisuwa. Uba ɗaya gare ni, kuma shi ya san abin da ake nufi da alkawari, don haka ka ajiye "'yata" a aljihunka.

Na karanta masa wasiƙarka. Ya ce: "To in idona lafiya, nasa ne ba lafiya. Kwaso mini su duka." Na kwaso. Muka shimfiɗa su a kan gado da kujera har ƙasa, mai jinya tana tsallake su tana mita. Niyyata in tara maka laifuffuka, in nuna cewa ka daɗe da zama rago. Ga abin da ya same ni a maimakon haka.

Na daina karanta maganganun, na koma kallon bayan mutane. Ban taɓa yi ba, ni da nake ganin na haddace ka. Malam Wautelet, wane irin abu ne wannan? Akwai wata bishiya a ƙofar ofishin Rasquin. A littafin farko sanda ce aka ɗaure da tsumma. A na talatin da tara ta rufe tagar bene. Ba wanda ya taɓa ambatarta, girma kawai take yi. Yarinyar da ke tsalle a kan igiya a na biyar, ita ce ke tura keken jariri a na ashirin da biyu, na gane ta da jan gashinta. Sararin sama kuma! Ban ga biyu iri ɗaya ba. Akwai wani ruwan toka mai ɗan kore, irin na Kogin Meuse idan hadari ya wuce, da na tsaya a kansa har Baba ya zungure ni.

"Ke, malamar Latin, rufe bakinki, ƙuda zai shiga."

"Baba, ka taɓa lura da bishiyar nan?"

"Ni Mai Lema nake nema, ban zo aikin gandun daji ba. Juya."

Muna ta dariyar Rasquin da ankwarsa, ashe a bayansa gari guda yana rayuwa, ana haihuwa, ana tsufa, ana canza labule. Na karanta manyan littattafai da yawa, ban san wanda ya yi wannan ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Sai muka buɗe na arba'in. Bishiyar tana nan, amma ba ta ƙaru ba. Sama shuɗiya ce kamar fentin banɗaki. Mutanen baya duk baƙi ne, ba wanda ya san wani. Rasquin naka ne, na san layinka ko a duhu. Amma garin ya mutu.

Baba ya rufe littafin, ya ce: "Gidan nan an yi rasuwa."

Har yanzu ina fushi, kada ka ɗauka na huce. Amma ina tambaya da murya ƙasa: wa ya tafi?

Ghislaine Dethier


Dinant, 9 ga Nuwamba

Malama Dethier,

Ina gaishe ki, ina kuma cire wa mahaifinki hula.

Ki duba shafin ƙarshe na kowane littafi, can ƙasa inda ake sa sunan maɗaba'a. Za ki ga "launi: M. W." Mariette ke nan, matata. Haka muke aiki, kamar yawancin masu sana'armu: ni ke zana mutanen gaba da baƙin tawada, in haura da shafin sama ɗakinta, ita ta cika baya ta zuba launi. Gari nata ne, sama tata ce. Na sha cewa a sa sunanta a bango, ta ce ba ta son a riƙa aiko mata da igiyar takalmi.

Mai Lema ba ni na ƙirƙiro shi ba. A littafi na biyu na tsince shi a tashar jirgi, na hau sama na ce: "Mariette, wane ne wannan a shafina?" Ta ce: "Kai ne mai farauta, nemo shi." Daga nan ya zama wasanmu. Sai an buga littafi nake zama in neme shi, daidai yadda mahaifinki yake yi, tana bayana tana cin biskit tana cewa: "Sanyi, Odilon, sanyi ƙalau, ko kusa da shi ba ka zo ba. Kai da Rasquin ɗinka uwarku ɗaya." Masu karatu suka yanke cewa wani ƙasurgumin ɗan gudun shari'a ne. Na bar su, don ni ma abin da nake zato ke nan.

Ita ta ce a na arba'in za ta sauke lemar. A kan maganarta na yi muku alkawari. Ta gama launin na talatin da tara, ta kwanta asibiti a watan Janairu, ba ta ga furen bazara ba. Wani yaro mai kirki a maɗaba'a ya yi launin na arba'in da kwamfuta.

Na gwada, Malama. Na zana fuskoki sun fi kwandon shara. Kowacce ƙarya ce. Ba zan iya nuna wa mahaifinki abin da ni kaina nake jira a nuna mini ba.

Ki yafe wa tsoho.
Odilon Wautelet


Huy, 15 ga Nuwamba

Malam Wautelet,

Gaisuwa da ta'aziyya, daga ni da Baba. Da na san haka, da na rage kaifin wasiƙar farko. Kaɗan.

Na koma kan littattafan ni kaɗai, wannan karon Mai Lema kawai nake bi. Kai da Baba da duk ƙasar nan wuri kuke nema: kuna ganinsa, ku buga tebur, ku juya shafi. Ba wanda ya tsaya ya kalle shi. Ka ɗauko naka ka bi ni.

Wanda ya tsere wa shari'a baya yake juyawa. Wannan bai taɓa juya wa Rasquin baya ba. Duk inda yake, bakin lemar yana fuskantar inda Rasquin yake. A na sha ɗaya, da Rasquin ya faɗa kogi ɗaure da mai gidan burodi, kowa a kan gada yana dariya, shi kaɗai ya sauka matakala har takalminsa ya taɓa ruwa. A na ashirin da shida, da aka kwantar da Rasquin asibiti, yana kan benci a ƙarƙashin tagar, dusar ƙanƙara ta taru a kan lemar. Wannan ba gudu yake yi ba, rakiya yake yi.

Sannan ka dubi hannun da ke riƙe da lemar. Ka ari gilashi in naka bai isa ba. Ƙaramin hannu ne cikin babbar riga, da siririn zobe. A gefen ɗan yatsan tsakiya akwai ɗigon launi. A kowane littafi ɗigon yana canzawa, kuma kullum launin saman wannan shafin ne. Hannun yana tsufa, Malam Wautelet. A na biyu sumul yake. A na talatin da tara gaɓoɓin sun kumbura, zoben ya koma ƙaramin yatsa.

Na zauna a kicin na kasa tashi. Mace ta tsaya a bayan labarin mijinta tsawon rayuwa, a gaban idon dubban mutane, tana ɗaga masa hannu, tana cin biskit. Ban san abin da zan kira wannan ba. Na san dai ban taɓa karanta wanda ya fi shi ba.

Kai kuma, wai ba ka san fuskar ba! Wace fuska ka sani a duniya in ba ita ba? Gaskiyarta, kai da Rasquin uwarku ɗaya.

Ban gaya wa Baba ba. Ba daga bakina ya kamata ya ji ba. Ya sha tsayawa layi a kasuwar littattafai ta Brussels don ka yi masa ɗan zane a farar takardar farko, yana da Rasquin ɗinka har guda tara. Ta na arba'in fara ce fat. Huy ba ta da nisa da Dinant, kogi ɗaya muke sha.

Ina jira.
Ghislaine Dethier


Huy, 28 ga Nuwamba

Malam Wautelet,

Ina gaisuwa, ko da yake shirunka bai cancanta ba. Na san wasiƙata ta isa, kuma na san ba abu ne mai sauƙi ba.

An sa wa Baba robar iska a hanci. Jiya ya ce in aske shi, wai kada baƙo ya same shi kamar ɗan fashi. Ban ce masa kowa zai zo ba.

Ranar Waliyyi Nikola, shida ga Disamba, ana buɗe ƙofar baƙi da ƙarfe biyu. Ɗakinsa na kallon kogi. Ka zo da alƙalaminka, silifa ma an yarda.

In rana ta faɗi ba ka zo ba, washegari zan naɗe shi da bargo, in sa shi a mota da kekensa na marasa lafiya da tulun iskarsa, likita ya yi ta ihu. Mutanen kantin littattafai bakwai sun ce suna biye da mu, har da masu cewa ka tsufa. Za mu yi layi a ƙofar gidanka, kowa da littafinsa a buɗe a farar takarda, kowa da lemarsa. An ce za a yi ruwa. Ba za mu sauke ko ɗaya ba sai ka sauke tata.

Ka huta lafiya,
Ghislaine