Ruwan da Ya Tafasa Ba Wuta

Zuwa ga ƙanena Buhari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da zaman Fatakwal. Mu nan Malisa sai godiya. Ka sani da hannuna nake rubuta maka, domin na kammala ajin yaƙi da jahilci.

Ka tuna mai maganin nan na garin Kalgo da na kawo, wanda ya tafasa ruwa ba wuta a garkenmu, ya ce aljanun da ke kashe maruƙa ne ke ƙonewa? Har ka amince a ba shi jar karsanarka.

To, ranar Talata na ziyarci sakandaren ɗiyata Hajara a Gwandu, a matsayina na shugaban iyaye. Na tarar malamar kimiyya tana zuba ƙonanniyar farar ƙasa cikin ruwa. Buhari, ruwa ya tafasa! Na zabura ina salati, hulata ta faɗi. Malamar ta ce, "Zauna, Baba. Wani haɗin yana fitar da zafi, wani yana zuƙe shi." Ta dama takin yuriya da ruwa a wani kofi, na taɓa kofin, sanyi ƙarara. Hajara ta raɗa mini, "Baba, ashe aljanunmu a buhu ake sayar da su."

Ashe da farar ƙasar nan mai maganin ya yaudare ni. Ni da ake neman shawarata!

Jumma'a mai maganin zai zo karɓar karsanar. Malama ta ba ni ƙullin farar ƙasar, zan jira shi da kwanon ruwa gaban dattawa. Ka taya ni addu'a. Gaida Luba da yara.

Yayanka,
Malam Sanda