Tayil Ɗin da Ka Shimfiɗa a Gidan Haya

Zuwa ga ɗana Nasiru, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Matarka Hajara ƙalau take, sai nauyin ciki. 'Yarka Ummi ta warke daga tarin nan. Ƙaninta Halifa santsin tayil ya kwashe shi a tsakar ɗaki, ya fasa leɓe. Ni kuwa gwiwoyina sun ƙi, ka kuma san abin da ya jawo.

Na kira ka har na gaji, ba ka ɗauka. Shi ya sa na rubuto a nan shafinka na intanet inda abokanka ke gani, ko waninsu zai ce maka uwarka na nemanka. Da yatsa ɗaya nake dannawa, yadda na koya a ajin manya, don haka ka karanta a hankali kamar yadda na rubuta.

Saƙonka ya iso ta bakin Hajara. Wai in na kwashi adashina ranar Juma'a in miƙa wa mai gida cikon ƙarin hayar da ya yi. Nasiru, ka san ko kuɗin mene ne? Kuɗin waina ne. Tun damina nake zuba shi daga bakin tanda, hayaƙi na cin idona, don in kama ɗan filin nan na hanyar Bauci. Ko faɗa min da bakinka ba ka iya ba, sai ka aiko yarinya mai ciki.

Wa ya jawo ƙarin nan in ba kai ba? Da muka tare a gidan nan na Dutse Uku, siminti ne a ƙasa, bango duk jirwayen ruwa, kuma hayarsa daidai ƙarfinmu. Ka zo hutun Sallah da kuɗi a aljihu, ka ce ba za ka kawo abokanka irin wannan wuri ba. Ka sa tayil har banɗaki, ka yi fenti, ka kafa tankin ruwa, ka canja ƙofa. Maƙwabciyarmu Maman Pam ta leƙo ta katanga ta ce, “Mama, wannan gida na lanlod ne fa, haya kuke yi, ba naku ba ne.” Na gaya maka, ka yi dariya ka ce ni tsohon yayi ce.

Ranar da mai gida ya zo gani, takalmi ya cire a bakin ƙofa. Ya shafa bango, ya ƙwanƙwasa tanki, ya yi ta sa maka albarka, har na kawo masa waina ya ci. Wata bai cika ba ejan da ke karɓar masa haya ya zo ya ce gida ya tashi daga yadda aka san shi, haya ta kusa ninkawa. Yanzu mutane yake kawowa su duba ɗakuna ina zaune a kan sallaya. Mutumin da ko ƙusa bai saya ba, shi ke sayar mana da guminka. Allah na ganinsa.

Na kira magini na tambaye shi ko tayil zai ciru mu tafi da abinmu. Ya ce sai dai a farfashe. Ga shi a sanyin Jos ɗin nan ba ya takuwa da asuba, sai da na shimfiɗe shi da tabarmi da tsofaffin buhuna. Abin da ka kashe dukiya don a gani, rufe shi muka yi.

Ka manta babanka ne? Rijiya ya haƙa a gidan hayarmu na Gangare, da ruwa ya fito aka ba mu notis mu tashi. A gidan haya na unguwar Ali Kazaure ya dasa gwaba, ranar da muke loda kaya tana fure. Kana goye a bayana lokacin. Har ya rasu yana cewa, “Ko ɗaki ɗaya ne, Binta, in dai ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa.” Daga ɗakin haya aka ɗauki gawarsa.

Na san ba mugunta ka yi ba. So ka yi uwarka ta taka wuri mai kyau, kuma na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye maka ba. Na san kunya ce ta hana ka ɗaukar waya. Ka bar kunyar nan, ɗana, ni ce fa.

Ga abin da na yanke. Adashin nan fili zai tafi, in na ba mai gida bana, baɗi ma zai ƙara. Na samo ɗaki biyu a Gangare, ƙasan siminti, kusa da makarantar su Ummi. Amma Hajara matarka ce, ba zan ɗauke ta daga inda ka ajiye ta ba sai da izininka, ga shi haihuwa ta matso. In ka ce a'a, ka faɗi inda cikon zai fito, ban da bakin tandata.

Allah ya tsare ka a bakin nemanka, ya sauki Hajara lafiya, ya jiƙan babanka, ya ba 'ya'yanka ƙofar da ba mai ƙwanƙwasa musu.

Ka ba ni amsa kafin a sauko daga masallaci ranar Juma'a. Mai fili da la'asar zai zo, kuma na riga na fara ɗaure tukwane.

Mahaifiyarka,
Binta mai waina.