Shatin Hannu a Bangon Zaure

Daren Talata, Bungudu.

Alhamdulillahi, zauren Kaka ya tsira. Tun da safe Yaya Sani ya iso daga Gusau da buhunan siminti zai shafe bangon, wai ya gaji da yaɓen ƙasa duk shekara. Na yi magana, ya ce ni yaro ne. Yaro da furfura!

Ashe labari ya kai wa Mai Unguwa. Ya tako da kansa ya ce wa Yaya, "Alhaji, ka san ƙa'idar unguwar nan, ba a taɓa tsohon gini sai dattawa sun duba. Kuma siminti bisa ƙasa ruwa yake ɓoyewa, damina biyu bango ya zube."

Yaya na ta cika yana batsewa, sai Inna ta fito ta ja shi bayan ƙyaure, ta nuna mishi shatin tafin hannu cikin tsohon yaɓe. Ta ce, "Na marigayi babanku ne, shekarar da aka haife ka ya yaɓa nan."

Ya aza hannunsa a kai.

Jibi za mu kwaɓa ƙasa, Yaya da kansa ya kira magini. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai, hannun nasa ya zauna cif a cikin na Baba.