Garwar da na liƙa a ƙasan Fijon Dokta

Malama Rifkatu, don Allah ki taimake ni da dabara, tawa ta ƙare, kuma ni ba mai saurin faɗin haka ba ne. Ban yi boko ba. Ajin yaƙi da jahilci na cocinmu ne ya koya mini haɗa baƙaƙe ina da shekara hamsin, saboda haka in rubutu ya karkace ki miƙar da shi, amma maganata ki bar ta yadda na faɗe ta. Kada ki sa sunana. Sunayen sauran ma na sauya su.

Ni fanal bita ne, mai gyaran jikin mota, a Sabon Garin Zariya bayan PZ. Shekara hamsin da biyu ina riƙe da guduma. Da can in mota ta lotsa ba a ruga kasuwa a sayo wani madigadi, wato ƙarfen da ke rufe saman taya, a ɗaura. Zama kake ka yi ta bugun ƙarfe kana saurarensa har ya koma yadda aka ƙera shi. Na yanzu kuwa 'yan kwance-da-ɗaura ne kawai. A cire wannan, a maƙala wancan, a ɗauki hoto a waya, wai an yi aiki.

Akwai wani Dokta Adeola da ya koyar a jami'a a Samaru, Allah ya ji ƙansa. Yana da Fijo 404 ruwan toka, kuma tun tana sabuwa ba wanda ya taɓa jikinta sai ni. Da ya rasu shekara shida da suka wuce aka jingine ta ƙarƙashin mangwaro a gidansa, ruwan sama ya yi ta dukanta, kaji suka mai da ita akurki. Bana 'yarsa Temitope ta zo daga Ikko, ta ce tana so a tayar da motar, don uwarta za ta cika shekara tamanin wata mai zuwa, kuma a cikinta take so a kai ta coci sujadar godiya. Ta sa aka jawo motar wurina, tunda ubanta kullum ni yake yabo. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kwana uku da kawo ta sai ga Temitope da maganaɗisu a naɗe cikin hankici. A waya ta gani, wai in aka goga shi a jikin mota, inda ya kama ƙarfe ne, inda ya ƙi kamawa ciko ne. Ta shiga zagaya motar tana gogawa, duk inda ya faɗi ta ja layi da alli. A gaban kanikawa, a gaban mai faci, har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Yarinyar da nake saya wa gyaɗa in ubanta ya zo da ita gareji, yau ita ke duba aikina da ɗan dutse a hankici! Da ta zo dokin ƙofa na dama, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, abin ya ƙi kamawa tun daga gaba har baya. Nan ta buga waya ta kira Celestine.

Celestine ɗan marigayi Augustine ne, abokin aikina. Shekara talatin muna rumfa ɗaya da Augustine, shi walda, ni guduma. Ranar da aka yi wa Celestine baftisma ni na riƙe shi. Yanzu ya haura arba'in, yana da shago a Samaru da ƙaton allo a ƙofa, da injin waldar lantarki, da wata hular ƙarfe kamar mai tafiya yaƙi, da safar hannu har gwiwar hannu. Ubansa da ɗan baƙin tabarau kawai ya yi walda har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa ƙona falle ɗaya ba. To, ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, wannan kam ba ya fasawa. Sai ya sa sukundireba ya ɗan ƙwanƙwasa wurin. Wani ɓangare kamar tafin hannu ya ɓalle ya faɗi. A bayansa ba ƙarfe. Fila ce, wato ƙullun cikon da muke shafawa, da ragar waya irin ta taga, da takardar buhun siminti, da jar tsatsa kamar garin barkono.

Temitope ta tambaya wa ya yi wannan, domin ubanta har ya mutu yana gaya wa mutane sabon ƙarfe aka sa masa a wurin. Malama, bakina ya riga ni. Na ce aikin Augustine ne, ni ba na gari ranar. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya a kabari.

Ni na yi. Damunar 1994 ce. Mahaifin Dokta ya rasu a garinsu Offa, Dokta yana son motarsa cikin kwana biyu, ga tsatsa ta cinye gefen. Augustine ne ba ya gari, ya tafi Kafanchan jinyar uwarsa. Gas ɗin walda ya ƙare, na zaga Zariya ban samu ba. Me zan yi, in bar mutum ya rasa jana'izar ubansa? Na cusa abin da na cusa, na shafa fila, na bi da sanfefa har ya yi sumul, na fesa fenti, na ce masa an yi walda. Niyyata in Dokta ya dawo in sake aikin. Ya dawo yana ta yabona a gaban abokansa malamai, sai na yi shiru, shiru ya zama shekara talatin. Kuma ki rubuta wannan da manyan baƙaƙe: shekara talatin abin ya riƙe. A cikin aikin waɗannan masu hular ƙarfen, wanne zai riƙe shekara uku?

Celestine bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi zai yanke gefen ya sa sabon ƙarfe da hannunsa, don ya wanke sunan ubansa. Burga ce kawai, so yake a ce ya fi mu. Ranar Asabar za su ja motar zuwa shagonsa. Uwarsa kuwa, matar Augustine, ta daina zuwa zumuntar mata, domin magana ta kai coci. Ranar Lahadi ta tare ni a bakin ƙofar coci. Na ɗauka zagi za ta yi, na shirya. Sai ta durƙusa da ciwon gwiwarta, ta yi mini godiya, wai na rufa wa mijinta asiri duk shekarun nan.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wani wuri da maganaɗisun nasu bai gano ba. Ƙarƙashin kujerar baya, ɓangaren dama, ƙasan motar ma ya rube a waccan damunar. Garwar kananzir na fasa, na baje ta, na liƙa da kwalta da ƙusa huɗu, na shafa baƙin fenti ta ƙasa. Garwa ai ƙarfe ce, maganaɗisu ya kama ta gam, Temitope ta wuce ba ta ja alli ba. Na yi dariya a raina, na ce ga ilimin waya nan, garwa ta ruɗe shi. Daga baya dariyar ta tsaya. A daidai wurin Mama, uwar Temitope, take zama tun zamanin mijinta, ba ta taɓa zama gaba ba. Mace ce mai jiki, kuma kin san ramukan da ke tsakanin Samaru da Sabon Gari. Celestine inda alli ya nuna kawai zai yanke. In na ce a ɗaga kujera a duba, za a ce ta yaya ka sani, ba ka ce ba ka gari ba?

Na yi tunanin jefa takarda marar suna a shagonsa. Na yi tunanin roƙon Temitope ta bar mini motar mako guda in gyara a ɓoye, sai dai idona yanzu ba ya jure hasken walda, ko matata ban gaya wa ba. Ki ba ni hanyar da za a duba wurin ba tare da sunana ya zube ba. Kada ki ce in je in durƙusa wa ɗan da na goya. Kuma ina so masu karatu su sani, madigadin hagu na wannan motar ni na ƙera shi daga fallen ƙarfe da guduma kaɗai, maganaɗisu ya kama ko'ina a jikinsa, ba wanda ya ce mini sannu.

Tsoho Mai Guduma,
Sabon Gari, Zariya.

*

Baba, barka da ƙoƙarin rubutu. Ban gyara komai a cikinsa ba, gyaran ba a rubutun yake ba.

Bari in fara ba ka naka. Sannu da madigadin hagu, tunda ba wanda ya ce. Mutumin da zai fitar da siffar mota daga fallen ƙarfe da guduma ya cancanci a tsaya masa. Temitope ma ta yi kuskure. Da ta ja ka gefe ta nuna maka abin da ta gani, ba ta tara maka gareji ba. Cikon 1994 kuwa, na fahimci matsin da kake ciki, kuma ba kai kaɗai ka yi irinsa a wancan zamani ba. Da ranar da Dokta ya dawo daga Offa ka gaya masa, da yanzu labarin ban dariya ne.

Daga nan kuma ba ni tare da kai. Ka cika rabin wasiƙa da raina hular Celestine da safar hannunsa. Mai hular nan shi ne ya ɗauki laifin da ba na ubansa ba, bai ko ɗaga maka murya ba. Ka kira shi burga. Ni ban ga burga a nan ba sai ta mai cewa takardar siminti ta riƙe shekara talatin. Ba riƙewa ta yi ba, Baba, rufe tsatsa ta yi tana ci ta ciki, kuma Allah ne ya tsare iyalin Dokta a hanya, ba gwanintarka ba. Kana tsoron sunanka ya zube. Na Augustine ka riga ka zubar, shi kuwa ba ya da bakin kare kansa, kuma matarsa ta rasa wurin zamanta a cikin mata saboda kalma ɗaya da ka faɗa don ka tsira daga kallon mai shayi.

Dabarar da kake nema ba ni da ita, da ina da ita ma ba zan ba ka ba. Takarda marar suna na iya ceton Mama, amma za ta ƙara wa Augustine laifi na biyu, domin kowa zai ce garwar ma tasa ce. Gyara a ɓoye da idon da ba ya jure wuta kuwa, wani cikon ne za ka sake yi.

Ga abin da nake ganin ya dace, kuma kafin Asabar. Ka fara da matar Augustine, a gidanta, ka tafi da matarka ko da wani dattijon coci. Ka gaya mata kai ne, mijinta yana Kafanchan. Kada ka fara da labarin gas ya ƙare, wannan ya jira sai ta tambaya. Sannan ka kira Celestine da Temitope gareji, ka ɗaga kujerar da hannunka ka nuna musu garwar, da duk wani wurin da ka sani wanda ba su sani ba. A gaban mutanen da suka ji ƙaryar za ka warware ta, ba a lungu ba. Ban ce ka durƙusa wa kowa ba, a tsaye ma ana faɗin gaskiya.

Ni ba 'yar sana'arku ba ce, amma na tambayi wanda ya sani. Ya ce a irin wannan motar dokin ƙofa da ƙasa su ke riƙe jikin gaba ɗaya, don haka sai an cire kujeru da shimfiɗa an kankare har ƙarfe mai kyau ya bayyana, a tokare bakin ƙofofi kafin a yanka don kada jikin ya lanƙwashe, sannan a sa sabo. In aikin bai kammala kafin ranar godiya ba, a kai Mama coci a wata motar. Kuma in Celestine ya yarda, aikin yana da wurinka: kai ka san lanƙwasar 404 a tafin hannunka, ka buga fallen, shi ya yi walda. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, kada ka ƙara shi cikin jerin waɗanda suka yi maka laifi. Idonka kuma ka kai shi asibiti, ka gaya wa matarka yau.

Za a yi surutu a gareji na mako biyu, wasu za su yi dariya a bayanka. Matar Augustine tana iya ƙin amsa gaisuwarka har ƙarshen shekara. Ka ci gaba da gaishe ta. Ita dai za ta koma cikin 'yan'uwanta mata da kanta a ɗage, kuma kai kaɗai ne a duniya za ka iya yi mata wannan.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ƙara wa idonka lafiya, ya kai Mama coci ya dawo da ita gida lafiya.

Rifkatu