Na Sauya Masa Zumar, Ya Samu Sauƙi, Yanzu Zai Hau Dutse

Didi Sarala,

Babbar yaya, don Allah ki agaza mini, na ɗauko abin da ya fi ƙarfin wuyana. Kada ki sa sunana, don a unguwarmu ta Pokhara ko tari mutum ya yi sai an kai labarinsa kasuwa.

Maigidana tsohon soja ne, irin 'yan tsauninmu da suka yi aiki da rundunar Indiya. Ya yi shekaru a kan iyaka, can cikin ƙanƙara, ya dawo mini da fansho da hawan jini da baki a rufe. Ba ya duka, ba ya zagi. Da ma zagin yake yi, da na san da mutum nake zaune. Sai dai ya zauna a baranda ya ƙura wa bango ido har shayinsa ya huce. Barcinsa rabi da rabi ne, ya zabura yana jan wani abu da hannu biyu kamar mai jan guga. 'Ya'ya sun girma sun watse, saura ni da shi da shirun. Kullum sai ya sha ƙwayar hawan jini, likita kuma ya ce zuciyarsa ma a hankali take bugawa.

Ana haka sai ga Nabin, ɗan ƙanwar maigidan. Kin san yadda muke da ɗan 'yar'uwa: ko tukunya ya fasa sai dai a ce masa sannu, a tambaye shi ko bai ji ciwo ba. Wannan yaro babu abin da bai fara ba, babu kuma wanda ya ƙarasa. Ya shiga koyon kanikanci ya gudu, ya buɗe shagon gyaran waya ya rufe, ya tafi Qatar ya dawo wai rana ta yi masa yawa. Bana kuma ya tara gemu, ya ɗaura farin zane, ya kama ɗaki a bakin tafki, wai shi mai warkar da zukata ne. Da me, Didi? Da jar zumar dutse. Turawa da 'ya'yan masu hali na Kathmandu suna zuwa, ya kwantar da su a tabarma, ya kunna turaren tsinke, ya kaɗa musu kwanon tagulla, ya ɗura musu zuma. Su yi amai a bokiti, su tashi suna gode masa wai sun haɗu da kansu. To a ina suka bar kan nasu da farko? Duk iliminsa daga waya ya kwaso shi. In ya buɗe baki sai ki ji wai likitocin ƙasashen waje sun gano, wai duniya ta waye. Mutumin da bai taɓa ganin saƙar zuma a jikin dutse ba sai a hoto!

Ni kuwa 'yar mai ɗebo zuma ce. Babana ya tsufa a kan tsanin igiya a Lamjung, yana lilo a bangon dutse, hayaƙi na shiga idonsa, ƙudan zuma na cin wuyansa. Mun san zumar kaka ta shan shayi ce. Ta bazara, wadda ƙudan suka sha jan furen tsauni, ita ce ja mai ɗaci a maƙogwaro, kuma ita magani ce. Tsofaffi suna lasar bakin ƙaramin cokali don ciwon gwiwa da tari, su ajiye. Ina budurwa kwaɗayi ya sa na tsoma yatsa na lasa, na sake tsomawa. Leɓena ya mutu, sanyi ya taso mini daga ƙafa, na zube a bayan garken awaki. Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai wani ɗan lokaci da na ga gonakin kan tudu suna numfashi, na ji kakata da ta rasu tana ɓare wake a kusa da ni, kuma duk wani tsoro ya fita daga raina. Daga nan sai amai da zawo, zuciyata tana bugawa ɗaya, ta tsaya ta yi tunani, sannan ta buga ta biyu. Innata ta kwana tana ɗura mini ruwan gishiri tana zagina. Na kuma ga ƙaton ɗan dako da ya yi taurin kai da ita, a kwandon goyo aka sauko da shi zuwa asibiti. Wannan ne abin da Nabin yake kira hanyar haske.

Ran nan ya zo cin abinci, ya dubi kawunsa ya ce, “Kawu, ciwonka ba na ƙwaya ba ne, kulle ne a ƙirji, ni kuma ina da mabuɗin.” Na ce a raina kai da ko mabuɗin shagonka ka kasa riƙewa. Ina jiran maigida ya yi masa kallon nan nasa da ke sa kare ya koma gida, sai na ji ya ce to. Mutumin da na yi shekaru ina roƙo ya je ya ga likitan ƙwaƙwalwa yana ce mini shi ba mahaukaci ba ne! Na yi magana, ya ce ba a kunyata ɗan 'yar'uwa a gaban abinci.

Sa'ata ɗaya, wurin yayana a ƙauye Nabin yake sayen zumar, kuma gidana direba yake sauke kwalaben. Sai na ɗauki kwalbar da aka ware wa maigida na juye zumar a wata kwalba na ɓoye. Na zuba zumar kaka, na ƙona mazarƙwaila na gauraya har ta yi ja, na daka ɗan timur, yajin nan namu mai sa harshe ya mutu, na barbaɗa. Babban malami Nabin ya zo ya ɗiga a tafin hannu, ya lasa, ya lumshe ido ya ce, “Inna, wannan mai ƙarfi ce, ina jin ruhin dutsen a cikinta.” Ruhin turmina dai yake ji, sakarai. Maigida kuwa tun yana saurayi ya bar ƙauye, gidansu kuma ba gidan zuma ba ne, bai san bambanci ba.

Da hantsi aka yi abin, a falonmu. Nabin ya ba shi cokali ɗaya, shi kuma ya ce soja ba ya shan na yara, ya karɓe cokalin ya sha uku. Ina kicin ina tsinke alayyafo, ina jiran su gaji su tashi. Kwanon tagulla ya yi ta kuka har ya yi shiru. Can sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tun da aka kawo ni gidan nan. Maigidana ne yake kuka, irin na yaron da ya ɓace a kasuwa. Ya ce suna tsallaka ƙanƙara da amininsa Lal Kaji, ƙasa ta tsage da Lal Kaji, igiya tana hannun maigida, yatsunsa sun daskare, igiyar ta zame. Ya ce ya gaya wa matar Lal Kaji cewa mijinta bai sha wahala ba, nan take ya cika. Ƙarya ya yi mata. Ya daɗe yana jin muryarsa daga cikin ramin yana kiran sunansa, har muryar ta ƙare. Didi, na haifa wa mutumin nan 'ya'ya huɗu ban taɓa jin wannan labari ba. Na tsaya da ganye a hannu ina hawaye, ina kuma jin haushi, don me sai a gaban wannan gemun banza?

Tun daga ranar yana barci. Yana cin tuwon gero har ya nemi ƙari. Ya gyara ƙofar bayan gida da ta shekara a karye, har tsokanata ya yi a kan gishirin miya. Nabin kuwa ya samu abin talla, duk wanda ya shigo ɗakinsa sai ya ji yadda ya warkar da tsohon soja.

Ga inda ta ɓaci. Ɗibar zumar bazara ta kusa, yayana da mutanensa za su hau dutse. Nabin ya ce a kai Kawu can ya sha daga saƙa, da ɗuminta, don a ƙarasa aikin. Maigida yana ta bugun ƙirji wai cokali uku ko jiri bai sa shi ba, wannan karon biyar zai sha. Kin kuma san dokar dutse: ranar ɗiba mace ba ta matsawa kusa, an ce ƙudan za su yi ƙaura, aljanin dutsen zai yi fushi. Za a yanka kaza a gindin dutsen, maza su wuce, ni a bar ni a ƙauye. Babu kwalbar da zan sauya. Yayana ba zai hana ba, kunyar surukinsa yake ji, zai ce ai soja ya san jikinsa. Daga wurin zuwa asibiti kuwa sai an sauko da ƙafa kafin a ga titi.

In na yi shiru, ina tsoron gawa za a kawo mini. In na faɗa, na mayar da shi abin dariya, mutumin da ya yi kuka a kan mazarƙwaila da yaji, kuma ina tsoron bakin nan ya sake rufuwa, wannan karon har abada. Ya zan yi?

'Yar mai tsanin igiya, Pokhara

*

Ƙanwata,

Ki gaya masa, kuma kafin a ɗaura jaka. Wannan ba ya buƙatar dogon tunani. Jar zuma tana saukar da jini, tana rage bugun zuciya. Mijinki yana shan ƙwayar da ke saukar da jini, zuciyarsa kuma da ma a hankali take tafiya. Kin san abin da lasa biyu suka yi miki kina budurwa mai jini a jika. Shi kuma yana lissafi ne da cokali ukun da bai taɓa sha ba, kuma ke kaɗai ce a duniya kika san haka.

A kan Nabin ina tare da ke, har na fi ki. Mai ba mutane magani bai tambaye su wace ƙwaya suke sha ba, bai ma iya bambance hajarsa da kayan miya ba, ba mai warkarwa ba ne, mai jiran tsautsayi ne. Gaskiya ne a wasu ƙasashe likitoci suna gwada wasu magunguna masu juya hankali a kan masu irin ciwon mijinki, kuma wasu sun ce sun samu sauƙi. Amma a can sai an auna zuciyar mutum, an tace wanda bai dace ba, an auna abin da za a ba shi, ƙwararre yana zaune a gefe, kuma har yanzu bincike ake yi. Ba zumar dutse suke bayarwa ba, ba kuma wanda ya gaji da gyaran waya ne ke bayarwa ba. Girmama ɗan 'yar'uwa ya tsaya a kwanon abinci. Ki kira shi gefe ki gaya masa abin da ya lasa, ki ce in ya sake kawo zancen dutse uwarsa za ta ji, masu kwanciya a tabarmarsa ma za su ji. Ki kuma kira yayanki ki karanta masa sunan ƙwayar, ki gaya masa abin da likita ya ce. Mai hawa tsanin igiya ya san inda kunya take ƙarewa.

Yanzu sai inda ba za ki ji daɗi ba. Wannan sakaran ya yi abu ɗaya daidai, ko da bai san ya yi ba: ya zaunar da mutumin, ya ba shi dalilin da soja zai yi kuka ba tare da ya ji ya faɗi ba, sannan ya rufe bakinsa ya saurara. Mijinki yana neman abin da zai ɗora wa laifin hawayensa ne, ya samu zuma. Ke kin ciyar da shi, kin yi jinyarsa, kin yi ta tura shi wurin likita, na kuma jinjina miki. Amma daga wasiƙarki na gane bakinki ba ya hutawa, kuma ranar da ya yi maganar da ya fi buƙatar yi, kina kicin da alayyafo.

Saboda haka kada ki kai masa zancen kamar wadda ta ci gasa. Kada ki yi dariya, kada sunan Nabin ya fito da zagi, ko sau ɗaya. Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ki ajiye kwalbar gaskiyar a gabansa, ki ce kin sauya ta ne don kina tsoron rasa shi. Ki gaya masa kin ji komai daga kicin, kin ji sunan Lal Kaji, kuma bai ragu a idonki ba. Sai ki nuna masa abin da ke kanki ba ki lura da shi ba saboda haushi: babu abin da ya juya masa hankali a ranar. Da idonsa biyu, da hankalinsa cikakke ya buɗe bakin nan. Abin da ya yi sau ɗaya ba da taimakon ƙudan zuma ba, zai iya sake yi a gaban likitan da ya san ciwon tsofaffin sojoji, wataƙila wata rana har a gaban matar amininsa. Ƙwayarsa kuma kada ya bari sai da izinin likita.

Zai yi fushi, ƙila ya yi kwanaki ba ya kallonki. Ki bar shi ya yi. Mai fushi a baranda ana kai masa shayi, wanda aka sauko da shi a kwando ba a kai masa komai. In ya huce ya fara magana, ki ajiye abin da ke hannunki, ki fito daga kicin, ki zauna kusa da shi, ki yi shiru.

Ina yi muku fatan lafiya da barci mai nauyi, ku biyun.

Didi Sarala