Ɓerayen Baban Ikhlas

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Ruwa kuma. Garin nan na Ingila bai san rana ba. Na wanke keji, na zuba abinci, na gwada sugan ɓeraye. Ni da na karanci lafiyar dabbobi, na yi wa shanu allura tun daga Daudawa har Sabuwa, yau ni ne baran ɓera. Firjinsu bai taɓa mutuwa ba. Insulin ɗin ɗiyata Ikhlas kuwa, maganin ciwon suganta, yana cikin gwangwani, binne a jiƙaƙƙen yashi gindin randa, a gidan hayar Kankara inda suka koma tun da 'yan bindiga suka raba mu da gona. Ba laifin ɓerayen ba ne. Amma dai.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Shugabar ɗakin bincikenmu ta kira ni in ga hoto. Ƙwayoyin da ke samar da insulin, waɗanda ciwon ya kashe, sun fara tohowa a jikin ɓerayen da aka ba sabon maganin. Ɗigo-ɗigo, kamar gero bayan ruwan shuka. Wasu har sun daina buƙatar allura. Ta ce kada in yi zumuɗi, tsakanin ɓera da mutum akwai shekaru, ƙila ma ba a kai ba. Na ce na sani. A cikin bas na kasa haƙuri, na tura wa matata Asma'u saƙon murya.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na manta yadda ake jin saƙona a gida. Ba matata kaɗai ke ji ba. Tabarma ake shimfiɗawa, a ɗora waya bisa turmi, a ƙure murya, Goggo da ta rene ni a gaba, maƙwabta a bakin zaure. Asma'u ta ce Goggo ta rangaɗa guɗa, ta sa an soya ƙosan sadaka, gida-gida ana cewa wai ni, Gide, na samo maganin suga, da Babbar Salla zan taho da shi. Na yi dariya. Na ce a bar tsohuwa ta ji daɗi.

Talata, 15 ga Afrilu
Ikhlas tana asibiti. Ya Allah.

Laraba, 16 ga Afrilu
Ta farfaɗo. Tun bara ita ke yi wa kanta allura a bayan labule, muna ta yabon ta. Ashe tun ranar ƙosan sai ta zuƙo maganin ta tsiyayar a yashi, wai ai Baba ya samo na warkewa. Ƙishirwa, amai, sai numfashi sama-sama.
Na so in yi faɗa. Na shirya maganganu masu zafi, na Asma'u daban, na Goggo daban. Sai na sake sauraron saƙon nawa. “Sun warke, Asma'u, wallahi sun warke!” Babu inda na ambaci shekaru.
Goggo ta karɓi waya tana kuka. “Ni ce, ɗan nan, ni na cika gari da surutu.” Na ce a'a, Goggo, abin da na faɗa kika ji.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Na ga fuskar Ikhlas a waya. Ta rame, sai ido.
“Baba, ƙarya ka yi?”
Na ce ba ƙarya ba ce, gaggawa ce.
“To yaushe za ya zo?”
Na ce ban sani ba, 'yar Baba. Wanda ya sani ma babu. Ban taɓa faɗa mata magana mai nauyin wannan ba. Sai ta ce:
“Su ɓerayen, kafin su warke, allura ake masu?”
Kullum, na ce. Ni ke yi masu.
“Ba su gudu?”
Na ce akwai wata tsohuwa mai faɗa, har cizona ta taɓa yi.
“Sa mata suna Goggo!”
Daga gefen gado na jiyo: “Ja'irar yarinya, ni ce ɓera? Warke ki gani!” Ikhlas ta yi dariya har da tari. Na shiga bayi na wanke fuska.

Laraba, 23 ga Afrilu
An sallame su. Yanzu a kan tabarma take allurar, Goggo na riƙe mata gefen riga tana kau da kai.

Litinin, 28 ga Afrilu
Ban san me ya kai ni aiki da wuri ba. Na ciro tsohuwar nan mai cizo daga keji, na gwada ta. Suganta daidai, har yau ba allura. Ban tura saƙo ba. In na kira da yamma zan faɗa a hankali, da shekarun da komai.
Da na mayar da ita keji, abokin aikina ya tambaye ni me na ce mata da yarena. Na ce ba komai. Gaisuwa ce aka ba ni daga Kankara in isar.