Haƙoran Shaf

Dutse, daren Laraba

Giyabos ɗin da na ɗauko daga Kano ya ƙi zama a babbar motar Alhaji. Tun da safe Baba, da ya koya mini aikin nan kafin idonsa ya tafi, ya shafa bakin shaf ɗin, sandar giyabos da ke shiga kuloci, ya ce, "Sale, haƙoran nan sun yi wa kulocinta yawa." Na ce masa ai lambar giyabos ɗin ta yi daidai.

Sai bayan la'asar na ƙirga haƙoran da kaina. Sha huɗu ne, na kulocin goma. Tumatirin manoman Ringim yana cikin motar, har ya fara tsiyaya.

Da na shiga gaida Baba, ya ce, "Ya zauna?"